Kafin ka sa hannu: kamfanin ɗaukar ma'aikata, heluma, ko jinga kai tsaye?

Da an gama kaka an kai gero da dawa rumbu, sai tasoshin Gumel da Ringim da Dambatta su cika da matasa masu jakunkuna. Birkila, kafinta, mai walda, mai sa tayil, mai wayarin, da sababbin masu haɗa sola, kowa ya nufi inda ya ji ana aiki. Cin rani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya ƙaru shi ne masu shiga tsakanin mai sana'a da mai aiki, kowane da irin nasa sharaɗin. Ni wayarin nake yi, na kuma yaye yara da dama, kuma duk shekara sai wani ya kawo mini takarda ya ce, "Maigida, duba mini wannan." To, ga yadda nake auna hanyoyin. Abin da nake fara nema a kowacce shi ne wa zai biya ni, wace rana, kuma sai me ya faru kafin ya biya.

Kamfanin ɗaukar ma'aikata shi ne mai ɗaukar ido. Yana da ofis a Kano ko Abuja, babban kamfani ya ba shi aikin nemo ma'aikata, shi kuma ya nemo ka, ya karɓi kuɗin aikinka, ya cire nasa, ya turo maka saura. Ba zan hana shi nasa yabon ba. Ta hannunsa ake shiga manyan ayyukan da ɗan ƙauye ba zai taɓa samu da kansa ba, aikin kan ɗauki watanni, wasu ma suna ba da hular kwano da takalmin aiki. Amma takardar da za a miƙo maka lauyansu ne ya rubuta ta, da Turanci, kuma ba don kai ya rubuta ba.

Ka fara duba sunan da suka sa maka. Yawanci za ka ga an rubuta cewa kai ɗan kwangila ne mai zaman kansa, ba ma'aikacinsu ba, alhali da sassafe za ka kama aiki, heluman wurin ne ke ba ka umarni, kuma ba ka da ikon tafiya wani aiki. Dalili shi ne Dokar Ƙwadago ta ƙasa ma'aikaci take karewa. Ita ta ce a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa, kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda, kuma abin da za a yanke masa a wata kada ya haura kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Dokar biyan diyya ta 2010 ta sa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, saboda ranar da wani zai faɗo daga tsani ko lantarki ya ja shi. Da zarar an kira ka mai zaman kansa, kamfanin zai ce duk wannan bai shafe ka ba, sai dai ka je kotu ka tabbatar da cewa a zahiri ma'aikaci ne kai. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ma bai hau kan wanda ake biya bisa yawan aiki ko kamasho ba, haka wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Kada wani ya ruɗe ka da wannan adadin.

Sharaɗin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne wanda ya ce za a biya ka bayan mai aiki ya biya su. Layi ɗaya ne tak, can ƙasan shafi. Na taɓa ɗaukar yarana muka yi wayarin wasu rukunin gidaje a bayan gari ta hannun irin wannan kamfani. Muka gama, aka gwada, wuta ta kama ko'ina. Daga nan kullum amsa ɗaya ce: "Malam, ka ƙara haƙuri, ba a sako mana kuɗi ba tukuna." Ban san mai gidajen ba, ba ni da lambarsa, takardar ma ta hana ni tuntuɓarsa. Yaran nan iyayensu ni suka sani, don haka riɗin da na ajiye don sayen taki shi na sayar na sallame su, damina ta sauka gonata ba taki. Kamar a ce ka nome wa mutum gona, ya ce ladanka sai ranar da ya sayar da amfanin a Dawanau, kuma ba za ka bi shi kasuwar ba. Rigimar da ke tsakanin kamfani da mai aiki, ko kan me take, a wuyanka take ƙarewa, kai da ba ka da hannu a ciki. Duk takardar da na ga wannan layin a ciki, ba na ƙarasa karanta sauran.

Akwai 'yan'uwansa. Wani sharaɗin ya hana ka yi wa mai aikin aiki kai tsaye har wata shida ko shekara bayan kun rabu, wato ko Alhajin ya ga hannunka ya yaba ya kira ka, sai ka biya su tara. Wani ya ba su damar sallamarka yau-yau, kai kuwa sai ka ba da sanarwar wata guda ko ka rasa kuɗinka. Wani ya riƙe wani kaso na ladanka wai ko gyara zai taso, ba tare da faɗin ranar sakinsa ba. Kuɗin mota, wurin kwana, kayan aikin da suka lalace, duk a kanka.

Heluman da ke zuwa ƙauye ya kwashi mutane a bayan a-kori-kura da alkawarin baka, ba na sa shi a lissafi. Ba ka san nawa aka ba shi ba, in kuma ya kashe waya magana ta ƙare.

Ni dai jinga kai tsaye da mai aiki nake yi, ita nake koya wa yarana, kuma ban ga wadda ta kama ƙafarta ba. Amma jinga mai tsari nake nufi, ba "je ka yi, ma daidaita" ba. Ku zagaya aikin tare da mai shi, ku ƙidaya komai: ɗaki nawa, soket nawa, fanka nawa, ko murabba'in tayil nawa. A raba kuɗin kaya daban, ladan hannu daban. Wannan rabon shi ke tsare ka, domin farashin waya da siminti ba ya tsayawa wuri ɗaya, wanda ya yi jinga haɗe da kaya yakan wayi gari yana cikawa daga aljihunsa. Mai aiki ya sayo kayansa, ko ku tafi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari tare, rasit yana hannunsa, zargi ya kau.

Sai a yanka ladan gida-gida. A wayarin, akwai kafin alƙalami ranar farawa, wani kaso bayan an binne bututu, wani bayan an ja waya, ragowar ranar da aka ɗaura kaya aka gwada wuta. Birkila ya yi nasa da tushe, linta da rufi. Amfanin wannan shi ne bashin da kake bi ba ya taɓa wuce na mataki ɗaya. In kuɗin Alhaji ya tsaya, kai ma ka tsaya, ba faɗa ba gaba, ka je ka yi wani aikin har ya shirya. A rubuta duk wannan da Hausa, boko ko ajami, a takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Shaidu su sa hannu: shugaban ƙungiyar sana'arku na yankin, da mai unguwa ko liman. Biya kuma ya zama ta banki, don alat ma shaida ce. Wasu na jin nauyin cewa a rubuta, musamman in mai aikin dattijo ne ko ɗan'uwa. Ni nakan ce, "Baba, Allah ne ya ce a rubuta," domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi bayan an tuna masa ba.

In saɓani ya taso, ga mai aiki ga gidansa, ga shaidu a gari. Mai unguwa ko dagaci ko 'yan Hisbah kan sasanta irin wannan a zama ɗaya, ba kuɗin motar Abuja ba lauya. Sannan sunan da ka yi naka ne. Wanda ka yi wa aiki mai kyau shi zai kai ka wurin ƙaninsa da surukinsa, babu takardar da ta hana. Gaskiya ne aikin ba ya ɗorewa kamar na kamfani, wani watan sai ka zauna. Sai dai aikin karkara ya ƙaru ƙwarai: famfunan sola na masu noman rani a Kadawa da fadamun Haɗeja, ƙananan injinan casar shinkafa, masallatai, Islamiyyu, ɗakunan angwaye bayan kaka. Ƙaramin aikin da kuɗinsa ya shigo hannu ya fi mini babban da nake bi bashi.

In ka ce lallai kamfani za ka bi, to ka karɓi takardar ka tafi da ita gida, wanda ya iya Turanci kuma ba nasu ba ya karanta maka layi-layi. Ka nemi a rubuta ranar biya da kwanan wata, ko an biya su ko ba a biya su ba. Ka riƙe kwafin da suka sa wa hannu, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, amma da takarda ake zuwa.

Duk wannan ma a kan kamfanin gaske nake magana. Na bogi ma suna nan da yawa, har a ƙauye. Duk inda babban aiki ya ratsa, kamar titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Dambatta da Kazaure, sai ka ji wani ya ɓullo yana cewa yana da gurbi a hannu. Saƙo ne zai zo ta WhatsApp ko Facebook, da tambarin babban kamfani a sama, da hoton mutane sanye da hular kwano. Sai kuɗin fom, sai kuɗin gwajin lafiya, sai kuɗin kaki, kowanne kaɗan-kaɗan yadda ba za ka ji zafi ba sai ka haɗa. Asusun da za ka tura kuwa sunan mutum ne, ko a ce ka kai wa wani mai POS. Kamfanin gaske wurin mai aiki yake karɓar la'adarsa. Najeriya ta rattaba hannu a 2023 kan yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda asalin ƙa'idarta shi ne kada kamfanin nema wa mutane aiki ya caji mai neman aiki. Wanda ya fara da cewa kawo kuɗi ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Za su nuna maka takardar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, a cikin gilashi. Wannan shaidar an yi wa suna rajista ce kawai, mai shagon kayan miya ma yana iya mallakarta. Abin da za ka tambaya shi ne lasisin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka ɗauki lambarsa, ka je ofishin ma'aikatar a Kano ko Dutse a tabbatar maka. Kada ka bar ainihin takardar makarantarka ko ta koyon sana'a a hannun kowa, kwafi ya isa. Kada ka ba da katin ATM, ko lambar sirrin da banki ya turo wa wayarka, wai za a buɗe maka asusun albashi, domin da irin wannan ake cin bashi da sunan mutum. Wanda ya ce mai tsaya maka ya kawo takardar gona ko ta gida, tashi ka bar masa ofishinsa. Kuma ka lura, sau da yawa wanda zai kawo maka maganar ɗan garinku ne da kuka sani, shi ma an yi masa alkawarin kamasho a kan kowane mutum, bai san inda kuɗin ke tafiya ba.

Mafi muni su ne masu alkawarin aiki a Saudiyya ko Libiya, musamman ga 'yan mata da zawarawa da ake cewa aikatau ne mai tsoka. Bizar Umara ba ta halatta aiki ba, wanda ya tafi da ita ya zauna ya zama mai ɓuya, ba shi da inda zai kai kuka in an hana shi haƙƙinsa. In ejan ya ce fasfo zai zauna a hannunsa, ko ya ce kuɗin tafiya bashi ne da za a riƙa cirewa daga albashi ba tare da rubuta adadinsa ba, ko ya ce kada a gaya wa iyaye sai an isa, a kai maganarsa ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, da ke Kano tun kafin a biya shi ko sisi.