Daga Damagaram zuwa Yamai da goyo: abin da na gani a jirgin cikin gida

A watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40 tun kafin azahar, tafiya ta kama ni zuwa Yamai domin bikin ƙanena, ga ni kuma da yara biyu, wato jaririya ƴar wata takwas da ke shan nono da yayanta mai shekara uku da ƴan watanni. Duk wanda ya taɓa shiga kar, wato babbar motar fasinja, daga nan zuwa babban birni ya san nauyin kilomita kusan 900 a jiki: a fita kafin asuba, a ratsa Tasawa da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogondutse da Doso, a isa bayan dare ya yi idan Allah ya tsare hanya. Na sha yin wannan tafiya ni kaɗai ban damu ba, amma da muka auna wuni guda cur da jaririya a cinya da kuma yaro mai ƙiriniya a gefe, sai maigidana ya ce a daure a sayi tikitin jirgi, ko da yake kuɗinsa ya ninka na kar sau da yawa. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda kamfanin ya yi da mu zuwa da dawowa, a idon uwa mai tafe da ƙananan yara.

A ofishin sayar da tikiti an karɓe ni da mutunci kuma ba a ɓata mini lokaci ba. Ma'aikacin ya yi mini bayanin abin da yake doka a kusan kowane kamfanin jiragen sama, cewa yaron da bai cika shekara biyu ba ba a ba shi kujera, a cinyar babba yake zama, ana biya masa ɗan kuɗi kaɗan, wanda kuwa ya cika biyu dole ne a saya masa kujerarsa. Ya ce in taho da takardun haihuwar yaran, ya kuma nanata mini yawan kilon kayan da aka yarda in ɗauka har sau uku. Da na tambaye shi, "Malam, akwai wani abu da ya kamata in sani game da jaririyar?" sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ki dai zo da wuri." Iyakar shawarar da na samu ke nan daga wurin da ya fi dacewa a ba ni shawara, kuma a kan wannan giɓin ne mafi yawan ƙorafina zai tsaya.

Masu binciken kaya a filin jirgi sun kyauta. Tun shekarar 2006 aka taƙaita ruwan da fasinja zai shiga da shi jirgi zuwa mililita 100 a kowace kwalba, amma abincin jarirai ba ya cikin wannan hani, kuma da suka ga goyo a bayana sai suka duba filas ɗin ruwan zafi da kokon da na dama suka miƙo mini ba tare da gardama ba. Ɗakin jira ne ya fara gwada haƙurina. Jirgin ya makara da kusan awa biyu, kuma ni ban ɗauki makara a kanta laifi ba, domin wanda ya zauna a ƙasar nan ya san hazo ko iska na iya hana jirgi sauka. Abin da ya ɓata mini rai shi ne shirun da aka yi mana, babu wanda ya fito ya ce ga dalili, ko ya ce ku saurara zuwa ƙarfe kaza. Ga babba wannan ƙosawa ce kawai, amma uwar da ta tsara barcin ɗanta da shan nononsa a kan lokacin tashin jirgi, duk lissafinta ne ya rushe. Da an ce mini saura awa biyu, da na bar jaririyar ta yi barcinta a bayana. Tun da ba a ce ba, sai na yi ta hana ta barci ina tsammanin yanzu za a kira mu, har ta fara ƙananan koke-koke. Babu kuma wurin canza wa jariri famfas, sai da na shimfiɗa zane a kan kujera na juya wa mutane baya.

Da jirgin ya iso aka ce masu yara su fara shiga. Niyyar kirki ce, amma a jirgi irin wannan, mai farfela biyu da kujeru wajen hamsin, wanda ke tsaye a rana kuma sanyinsa ba ya kankama sai injuna sun tashi, shiga da fari na nufin ƙarin minti ashirin a cikin zafi da yaran da suka riga suka gaji. Da na sani da na roƙi a bar ni in shiga a ƙarshe.

A bakin ƙofa ne hidimar ta canza kama, saboda wata ma'aikaciyar jirgi da ta ga halin da nake ciki ta sauya harshe daga Faransanci zuwa Hausa. Ta ce mini in kwance goyon, domin ba a yarda jariri ya kasance ɗaure a baya ko a ƙirji ba lokacin tashi da sauka, ta kawo wani ƙaramin bel da ake zura shi a cikin na uwa a ɗaura wa jaririn a ƙugu. Wannan wuri ne da ke wa matanmu wuya, saboda ɗan da ya saba da ɗumin baya da majanyi ba ya gane dalilin da za a zaunar da shi a cinya cikin ƙarar da bai taɓa ji ba, kuma babbar dabarar rarrashi da muka gada, wato a goya shi a yi ta jijjigawa ana zagayawa, ita ce ta farko da ake karɓe mana. Kujerun da aka rubuta mana suna daidai saitin farfela, inda ƙara ta fi tsanani, sai ta nemi alfarmar wasu maza biyu ta mayar da mu can baya. Sannan ta durƙusa kusa da ni ta faɗi maganar da ta fi mini duk abin da na biya: "Madam, ki ba ta nono kaɗan idan muna tashi, amma kada ki ƙosar da ita. Ki ajiye yunwar sai mun fara sauka, ni zan zo in gaya miki."

Sai daga baya na fahimci dalilin maganarta sosai, bayan na tambayi wata ƴar uwata da ke aikin jinya. A bayan fatar kunne akwai ɗan fili mai iska, kuma wata siririyar hanya ce ta haɗa shi da bayan hanci da maƙogwaro. Garinmu bai kai mita 500 a saman teku ba, iskar cikin jirgi kuwa ana barin nauyinta ya ragu har ya yi daidai da na wuri mai tsayin da zai iya kaiwa mita 2,400. Lokacin hawa, iskar da ke cikin kunne ita ke neman fita, kuma yawanci tana fita da sauƙi. Lokacin sauka ne ake wahala, domin iskar waje ta fi nauyi, tana danna fatar kunne ciki, kuma hanyar nan ba ta buɗewa sai mutum ya haɗiye yawu ko ya yi hamma. Babba yana yin haka ba tare da ya sani ba. Jariri kuwa hanyarsa gajera ce, matsattsiya, kuma a kwance take, ga shi ba ya jin magana balle a ce masa ya haɗiye. Shi ya sa kukan da ake ji a jirgi ya fi yawa a rabin awar ƙarshe, kuma kuka ne na ciwo, wanda mutane da yawa ke ɗauka rigima ce. Tsotson nono ko na kwalbar madara yana sa shi haɗiya a kai a kai, amma ɗan da aka ƙosar a tsakiyar tafiya, ko wanda ya yi barci mai nauyi, ba zai tsotsa ba a daidai lokacin da ake buƙata.

Ta kuwa cika alkawari. Kafin in ji wani canji a kunnena ta zo ta dafa kafaɗata ta ce yanzu, na lulluɓe jaririyar da mayafi na sa mata nono, kuma har tayoyin jirgi suka taɓa ƙasa a filin jirgin Diori Hamani na Yamai ba ta yi kuka ba. Yayan ne ya ba mu aiki. Yana da ɗan mura tun kwana biyu kafin tafiyar, ni kuwa ban ɗauke ta a bakin komai ba, alhali mura tana kumbura hanyar nan ta toshe ta, ta yadda ko an haɗiye ba ta buɗewa da sauƙi. Na ba shi ruwa, na ba shi dabinon da na cire wa ƙwallo, ya ture duka, ya riƙe kunnensa na dama yana tsala ihu. Wani mutum a gabanmu ya waiwayo ya yi tsaki har sau biyu. Ban zarge shi ba, shi ma kuɗinsa ya biya, amma tsakin bai rage wa yaron ciwo ba, ni kuwa ya ƙara mini ruɗewa. Wata dattijuwa da ke ɗaya gefen ce ta miƙo hannu ta kama nasa tana cewa, "Ƴata, ki ji da ta cinyarki, bar mini wannan maigidan nawa," ta yi ta buɗe baki tana hamma da gangan har ya fara kwaikwayonta cikin kuka. Bayan mun tsaya ma'aikaciyar ta ɗauki jakata har ƙasan matakala.

Akwai abin da zan tsakuro a nan, domin na san ana yinsa. Kafin tafiyar wata maƙwabciyata ta ba ni shawara in sayi siro mai sa barci in ba yaran a filin jirgi. Mai farmasin da na je wurinsa ya ƙi sayar mini, ya ce irin wanda ake kira Phenergan ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba saboda yana iya danne numfashi, kuma a wasu yaran maimakon barci sai ya tayar musu da hankali. Na ji haushinsa a ranar, amma ko ba don haɗarin ba, barcin dole shi ne zai hana jaririyar tsotso a lokacin sauka.

Sauran hidimar cikin jirgi ba ta da abin faɗa da yawa. An raba ɗan burodi da lemon kwali, babu wani abu na yara, kuma makewayin ƙarami ne, babu allon kwantar da jariri. Iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, saboda haka ruwan da na shigo da shi ya yi mini rana.

Dawowa ce ta nuna mini inda matsalar take. Ba a gaya mini a ofis ba cewa jirgin zai yada zango a Maraɗi, sauka biyu ke nan maimakon ɗaya, kuma kunne ba ya yi wa gajeriyar tafiya rangwame. Ma'aikatan wannan rana dabam ne, masu ladabi, sun kawo ƙaramin bel ɗin a kan lokaci, amma babu wanda ya ce uffan a kan nono ko kunne, sanarwa kuma duk da Faransanci da Turanci aka yi. Ni na riga na koyi darasi, na raba shayarwar gida biyu. A gabana kuwa akwai wata yarinya mai goyon fari, da alama shigarta jirgi ta farko ke nan, ta shayar da ɗanta ya ƙoshi tun muna sararin Yamai, kuma tun daga saukar Maraɗi har Damagaram bai yi shiru ba, ita ma har ta fara share hawaye. Na leƙa na gaya mata abin da aka gaya mini, amma yaron ya riga ya ƙi karɓa. A nan na gane cewa alherin da na samu a zuwa na mace ɗaya ne mai lura, kamfanin bai mayar da shi ƙa'ida ba. Abin kuwa ba mai tsada ba ne: rabin takarda da Hausa da Faransanci da za a haɗa da tikitin kowane jariri, ko jimla biyu da za a faɗa da Hausa kafin a fara sauka, a jirgin da yawancin fasinjojinsa Hausa suke ji.

Duk da haka, idan aka tambaye ni ko kuɗin ya biya, zan ce ga mai shayarwa da ke da hali ya biya, domin ko da makarar da aka yi mun isa Yamai da rana tsaka, kuma washegari yaran suna wasa a gidan biki kamar ba su yi tafiya ba, abin da ba na jin zai yiwu bayan wuni a kar. Yaron ya kwana biyu yana cewa kunnensa ya toshe kafin ya warware, kuma ƴar uwata mai aikin jinya ta yi mini faɗa a kan rashin kai shi a duba shi kafin mu tashi. Muna da wata tafiyar a watan Disamba, lokacin hazo da mura, kuma na riga na ƙudurta cewa kafin in biya sai na tambayi ko jirgin zai tsaya a hanya, in nemi kujerun baya tun a ofis, in kuma ji ko ana iya ɗage ranar tafiya idan yaro ya wayi gari da toshewar hanci.