BitSet na Java: kaya ne mai kyau, amma kada size() ya ruɗe ka

Ga masu rubuta manhajar ’yan kasuwa a Kano, BitSet na Java, wato jerin bit da kowanne ke zama a kunne ko a kashe, ya cancanci yabo. A ce kana bibiyar rumfuna 1000 a Kantin Kwari, wace ce ta biya kuɗin haya, wace ce ba ta biya ba. Kowace rumfa bit ɗaya take ci, ana jera su 64-64 a cikin long (nau'in lamba mai bit 64 a Java), don haka long 16 sun isa, baiti 128 ke nan.

Wurin duba ko BitSet fanko ne, wato ba bit ko ɗaya a kunne, isEmpty() ce ta dace. Tun Java 1.4 take, kuma ba ta bin bit ɗaya bayan ɗaya, tana leƙa adadin long ɗin da ke aiki ne kawai, ta ba da amsa nan take.

Inda sababbin hannu ke faɗawa rami shi ne size(). Ka ƙirƙiri sabon BitSet ba ka kunna komai ba, size() zai ce maka 64, domin wurin da aka ware yake faɗa. In ka nemi bit 100, sai ya ce 128. Sharaɗin size() == 0 kuwa sai ka yi ta jira. length() == 0 yana aiki, cardinality() ma haka, sai dai ita tana ƙirga duk abin da aka kunna, wahalar banza.

Aibin BitSet guda: zare biyu (thread, wato ayyukan manhaja masu gudana tare) su taɓa shi lokaci ɗaya ba kulle, lissafi ya rikice. Masu C++ kuma none() ne madadin isEmpty() nasu a std::bitset, amma can dole ka yanke girmansa tun kana rubuta lambar.