Tattaki ko Ɗaga Nauyi: Amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce shekarunki 55, kina tattakin minti 30 bayan asuba daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, amma har yanzu sai kin dafa ƙasa kafin ki miƙe daga sujada. Tambayarki ita ce ko tattakin bai isa ba ne.

Don Allah kada ki bar shi. Tattaki aikin zuciya da huhu yake yi, yana kuma taimakawa wajen sauke hawan jini. Minti 30 sau 5 a mako ya cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020. Sai dai shawarar tana da ƙarashe da mutane ke tsallakewa: a ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

A nan ne hanyoyin biyu suka rabu. Daga shekara 30 tsoka take fara raguwa, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma. Tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta ɗora wa cinya nauyin da ya wuce wanda ta saba, shi ya sa ba ta ƙara ƙarfi. Ɗaga nauyi kuwa yana tilasta mata ta ginu. Kuma tsokar ce ke zuƙe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci tuwo. Ƙashi ma yana ƙara ƙwari idan ana ɗora masa nauyi, abin da mace ke matuƙar buƙata bayan al'ada ta ɗauke.

Ba sai kin nemi ƙarfe ba. Ki jingina kujera mai ƙwari da bango, ki zauna a hankali, ki tashi ba tare da kin dafa komai ba, sau 8 zuwa 12. Ki huta minti ɗaya, ki maimaita. Sannan ki dafa bango da tafin hannu biyu, ki lanƙwasa gwiwar hannu, ki tura kanki baya, shi ma haka. Galan mai lita 5 cike da ruwa kilo 5 ne. Ki riƙe ɗaya a kowane hannu ki zagaya tsakar gida, baya a miƙe. Talata da Asabar sun dace, musamman idan kina azumin Litinin da Alhamis, kuma tsoka tana son hutu tsakani.

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne riƙe numfashi yayin yunƙuri, domin yana sa jini ya hau nan take. Ki fitar da numfashi lokacin tashi. Kada gwiwoyinki su karkata ciki, su bi saitin yatsun ƙafa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma sukar zafi a cikin gaɓa alama ce ta a dakata. Idan sau 12 ya zama wasa, ki rungumi galan ɗaya a ƙirji ki ci gaba. In jininki bai daidaita ba, ko kina jin ciwon ƙirji, ki fara ganin likita tukuna.