Na'urar hasken da na sayo wa Baba: kifin ya yi, sauran sai a hankali

Ƙanwata da ke aiki a gidan kula da tsofaffi a Ingila ce ta ishe ni da maganar. Can suna da wata na'ura, Tovertafel, wadda aka fito da ita a ƙasar Holan a 2015 don masu gigin tsufa. Ana rataye ta saman tebur ta hasko hotuna, akwai wani ido a jikinta da ke gane motsin hannu, kana taɓa hoton sai ya motsa. Waccan ta fi ƙarfin aljihuna, sai na bi ta hannun wani mai sayarwa a Kano ya kawo mini mai kama da ita, marar suna.

Baba shekara uku ke nan yana fama da gigin tsufa. Da la'asar sakaliya abin ya fi tashi, ya ɗauki takalmi ya ce gida zai tafi, alhali yana zaune cikin gidansa a Argungu. Kwana uku muna haska masa ganye da furanni da ƙwallo, ko kallo ba su ishe shi ba. Cewa ma ya yi a kashe fitila, ana ɓarnar kananzir. Na ce shi ke nan, kuɗina sun bi ruwa.

Rana ta huɗu jikarsa ta danno wasan kifi. Wallahi mutumin da ya manta sunana sai ga shi ya gyara zama, ya naɗe hannun riga. Bai kai cafka kamar yara ba, a hankali ya zura hannu ta gefe, yana tare kifin zuwa lungu, yadda ya saba a Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi na Argungu. Kifin ya zille, ya yi tsaki, ya dube ni: "Kai yaro, mi kaka jira? Kawo homa!" Ragar kamun kifi yake nufi. Daga nan ya shiga lissafo tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa, har da labarin gorarsa da ta tsage ana tsakiyar biki. Inna ta juya baya tana share ido. Ranar har aka kira magariba bai nemi takalmi ba.

To amma kada daɗi ya kwashe ni. Mu ba a tebur muke zama ba, kuma a kan tabarma hoton dagulewa yake, sai da na shimfiɗa farin yadi. Dole a rufe tagogi kafin a ga komai, ku dubi zafin Afrilu a Kabi. Ita kanta na'urar da ta yi minti 20 ta ɗau zafi, ta mutu ba sallama. Shekaranjiya haka ta yi mana yana tsakiyar kamu. Baba ya dinga shafa yadin yana tambayar wa ya janye ruwa, ya fusata, ko tuwo ya ƙi ci, muka kwana muna lallashi. Mai sayarwar da ya rantse mini tana awa biyu cur, yanzu ko waya ba ya ɗauka.

Magani dai ba ta yi ba, da safe ya sake tambayata ɗan wane ne ni. Yanzu nakan jingina mata fankar caji, in kashe da kaina a minti 15, in ce masa Sarkin Ruwa ya ce a fito.