Ofishin da ya karɓi kuɗina a kan takardun kotun Yaya

Ofishin nan na masu cike takardun tafiya da ke kan hanyar Ahmadu Bello a Sakkwato, ni dai na je na gani, kuma ban ji daɗi ba.

Yayana yana Amurka, ya cika shekara 5 da katin zamansa, zai cike fom ɗin N-400 na neman zama ɗan ƙasa. A ciki ana tambaya ko an taɓa tsare mutum, ko an taɓa kai shi gaban alƙalin shige da fice. Shi kuwa an tsare shi farkon zuwansa, daga baya alƙali ya rufe maganar. Takardun hukuncin ya aiko da su gida tuntuni, Inna ta adana a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado a Mabera. Ranar da muka buɗe, gara ta cinye rabi, sauran sun manne da juna saboda laima, in ka ɗaga shafi sai ya ruguje a hannunka. Inna ta yi ta salati.

Shi ya sa na nufi ofishin. Mai wurin ko kallon guntayen bai yi ba, ya ce, "Wanga ƙaramin aiki na, Malam, mako biyu ka dawo." Na biya nan take. Mako biyu ya zama biyar, kullum in hau kabu-kabu cikin zafin rana, a ce mini ya fita. Ranar da ya miƙo mini ambulan, sai na tarar da takardar rantsuwa ta kotu a nan Sakkwato, wai an rantse takardu sun ɓace. Na ce Alhaji, hukuncin alƙalin Amurka ake nema, ina ruwan rantsuwar Sakkwato? Ya ce haka suke yi wa kowa. Na tura wa Yaya hoton, ya kira ni muryarsa na rawa. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne a ga kamar yana ɓoye tsarewar, domin ƙarya a wannan fom tana iya rusa komai.

Gaskiya ɗaya, yarinyar da ke kan kwamfuta ta yi halin kirki. Ta biyo ni waje ta ce, "Kawu, ka duba ko lambarsa mai farawa da A ta tsira." Lambar ma, wadda hukumar shige da fice ta Amurka ke ba baƙo, tana jikin katin zamansa. Ta ce fayil ɗin kotu yana hannun EOIR, ofishin da ke kula da kotunan shige da fice na Amurka, na shige da fice kuma yana USCIS, hukumar da ke karɓar fom ɗin zama ɗan ƙasa, kuma mai shi ne zai nema ta intanet a ƙarƙashin dokar FOIA, wato dokar Amurka ta neman bayanai daga hannun gwamnati, ba a biyan ko sisi wajen shigar da buƙata. Wani ba ya nema masa sai da sa hannunsa. Yaya ya nema, aka ɗan jima, fayil ya zo har da hukuncin.

Saboda ita na so in yafe. Amma da na koma neman kuɗina, Alhaji ya ce ai an yi aiki, rantsuwar ma da kuɗi aka yi ta. Ashe ya san ba ya iyawa tun farko, bai taɓa tambayar lambar Yaya ba. Na bar shi da Allah, kuma ban ba kowa shawarar ya taka wurin ba.