Na'urar shaƙar maganin asma: wacce ta dace da gida a Legas

Duk wata na'urar shaƙar magani, wadda ake kira nebulaiza, aikinta ɗaya ne: ta farfasa ruwan magani ya zama hazo. Abin lura shi ne girman ƙwayoyin hazon. Waɗanda ke tsakanin maikron 1 zuwa 5 ne suke sauka cikin huhu (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). In sun fi haka girma, a baki da maƙogwaro za su maƙale, mai asma ya yi ta shaƙa ƙirji bai saki ba. Shi ya sa kafin a yi maganar kuɗi, a buɗe takardar cikin kwalin a nemi inda aka rubuta MMAD, wato matsakaicin girman ƙwayoyin hazon da na'urar ke fitarwa. Adadin da ke gabansa ya kasance wajen maikron 3 zuwa 5. Kwalin da babu wannan rubutu, a mayar wa mai shago kayansa.

Akwai wata fasaha da ake yawan tambaya a kanta, ta feshi da ƙarfin lantarki zalla. Ana tura ruwa ta siririyar allura, a ɗora mata dubban bolt, sai ruwan da ke bakin allurar ya yi tsini, ya tsinke zuwa ƙwayoyi masu girma kusan ɗaya. Masanin kimiyya Geoffrey Taylor ya yi bayanin wannan tsinin a 1964. Tana da kyau a ɗakin bincike, amma ruwan gishiri na asibiti da ake haɗa yawancin magungunan shaƙa da shi ba ya fesuwa da kyau ta wannan hanya, feshin yana fita kaɗan-kaɗan, kuma sai an kashe cajin da ke jikin ƙwayoyin, in ba haka ba su manne tun a baki. Ba kayan da ake samu a kemis ba ne. Wanda ya ce maka ita yake sayarwa a kasuwar Idumota, ko dai na'ura mai raga da za a yi bayaninta a ƙasa yake nufi, ko yana neman kuɗinka ne.

Mai kwamfuresa ita ce ta gida. Ɗan injin iska ne, da tiyo, da kofin magani, da takunkumi ko abin sawa a baki. Iska tana fita da ƙarfi ta wani ɗan rami a cikin kofin, ta ja maganin sama ta buga shi a jikin wani marfi, manyan ƙwayoyi su koma ƙasa, ƙanana su fito. Ana zuba mililita 2.5 zuwa 5, cikin minti 10 zuwa 15 an gama, za a ji kofin ya fara tartsatsi. Tana da ƙara, kuma tana barin kusan mililita guda a gindin kofi. Amma ba ta zaɓen magani: salbutamol, ipratropium, budesonide mai kauri, ruwan gishiri na asibiti, duk tana ɗauka. Kofi ya tsage, a sayi wani. Tiyo ya huje, haka. Irin su Omron NE-C28 sun daɗe ana aiki da su, kuma kayan gyaransu ba sa wuya. Ga wanda zai ce ai NEPA ba ta da tabbas: ƙaramin janareto ko inbata na ɗaukar ta ba tare da ta ji ba.

Kula da ita ma ba wahala. Bayan kowane amfani a kwance kofin a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe a kan tsumma mai tsabta. Ba a wanke cikin tiyo. In an ga raɓa a ciki, a cire kofin a kunna injin minti biyu ya busar. Danshin Legas ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, tiyon da aka naɗe da jiƙa zai yi baƙin fumfuna, yaro kuma shi zai shaƙa. Farar matatar iska da ke jikin injin a canza ta da zarar ta yi toka-toka, musamman gidan da ke bakin titi a Agege ko Mile 12.

Ta altirasonik, wadda ke farfasa ruwan da karkarwar sautin da kunne ba ya ji, a bar ta: tana ɗumama magani, kuma ba ta iya fesa budesonide.

Mai raga tana da daɗin sha'ani, ba ƙara, tana shiga aljihu, batir ko caji take ci, kusan ba ta barin magani a kofi. Wani siririn faranti ne mai dubban ramuka yake karkarwa yana tankaɗe ruwan. Ta asali tana da tsada, kuma ragar da zarar ta toshe ko an taɓa ta da tsinke, shi ke nan. Nan kuma jabu ya fi yawa. Wasu daga cikin masu arahar da ake talla a Instagram da WhatsApp, asalinsu abin fesa wa fuska ruwa ne aka maƙala masa takunkumi. Hazo zai yi ta tashi kamar gaske, amma ƙwayoyinsa manya ne, fuska ke jiƙewa. Ba a daɗewa sai feshin ya fara ragewa, a daren da ake bukatarta ta ƙi tashi.

A duba lambar rajistar NAFDAC, da sunan kamfanin da ya shigo da kayan, da lambar jikin na'ura ko ta yi daidai da ta kwali. A karɓi rasit mai tambari. A sa mai shago ya zuba ruwan gishiri na asibiti ya kunna a gabanka, ka ga hazo mai laushi da ba ya yankewa. Ta gwanjo daga Amurka a karanta gindinta: in an rubuta 120V, soket ɗinmu na 230V zai ƙone ta nan take, kuma kofi da takunkumin da wani ya yi amfani da su ba abin ɗauka ba ne ko kyauta. Maganin kansa ma ana yin jabunsa, don haka a saye shi a famasi mai rajista, da takardar likita. Kada a zuba ruwan leda, ko man zafi, ko man habbatussauda a kofin. Mai ba ya fita daga huhu cikin sauƙi.

Kafin ma a kashe kuɗin, a tambayi likita ko inhela da bututun da ake haɗa ta da shi a shaƙa ta ciki za su wadatar, domin ga yawancin masu asma suna aiki daidai da na'urar. In kuma an shaƙa numfashi bai daidaita ba, ko leɓe ya fara canza launi, ko magana ta gagara, asibiti za a nufa, ba a tsaya zuba kofi na biyu ba.