Sarin silikin Pochampally bayan wata takwas a hannuna

Ranar da na saye shi na ɗauka an cuce ni. Jinyar Yayata ce ta kai mu Haidarabad, a jihar Telangana ta Indiya, kuma da jiki ya yi sauƙi na shiga wani shago na ba da rupi 11,000 aka naɗo mini sarin siliki, wato dogon zanen nan da matan Indiya ke ɗaurawa, ja da baƙi da ratsin ruwan ƙwai. Ina warware shi a masauki sai na ga bakin kowane zane ya yi dishi-dishi, kamar launi ya tsallaka gidan maƙwabcinsa. Raina ya ɓaci. Matar da muke haya a gidanta ta karɓa, ta juya bayansa, ta yi dariya. Gaba da baya duk ɗaya ne. Ta nuna mini cewa da na bugun inji ne, da bayan ya fi gaban haske, layukan kuma su fito tsaf kamar na atamfa.

Ita ce ta ja ni zuwa garin da ake saƙa shi, Bhoodan Pochampally, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba daga birnin. A can na gane bambancinsu da mu. A marinar Ƙofar Mata ƙyallen da aka riga aka saƙa ake ɗaurewa a tsoma cikin baba. Su kuwa zaren suke rinawa tun bai hau masaƙa ba, abin da suke kira ikat. Za a dafa silikin da sabulu ya saki danƙonsa, a shimfiɗa zaren a kan wani katako mai turaku, a zana inda kowane launi zai zauna. Duk inda ba a so rini ya taɓa sai a ɗaure shi tamau da roba, irin wadda ake yankowa daga tsohon tub ɗin keke. A fara tsomawa cikin launi mai haske, a shanya, a kwance wasu ƙulle-ƙullen, a ɗaure wasu, a koma tukunya. Nawa mai launi uku ne, kun ga sau nawa ya sha wannan zagaye. Masaƙin kuma duk jifa ɗaya sai ya tsaya ya gyara zaren da yatsa don zanen ya haɗu. Wannan ɗan saɓanin da hannu ba ya iya kaucewa shi ne dishi-dishin da ya ɓata mini rai.

Aikin da ya fi ba ni tausayi shi ne naɗin zaren a kan turakun, wanda suke kira asu, kuma a da mata ne ke yinsa. Sari ɗaya sai mace ta kai hannu ta dawo kusan sau 9,000. Ciwon kafaɗar da mahaifiyarsa ke fama da shi ne ya sa wani ɗan masaƙa, Chintakindi Mallesham, ya ƙera injin da ke wannan naɗi a 1999, har gwamnatin Indiya ta ba shi lambar yabo ta Padma Shri a 2017.

To, ya yake a jiki? Tsawonsa mita biyar da rabi ne, ban da guntun da ake ɗinka riga da shi. Ni laffaya na yi niyyar yi da shi, kuma nan ne lissafina bai fita ba. Yana da ɗan ƙarfi, ba ya kwanciya luf kamar yadin laffaya, ga santsi a ka. Ranar sunan ɗiyar ƙanwata sai da na kafa fil huɗu kafin ya zauna. Amma fa da rana ta haska shi, jan nan har wani ƙyalli yake yi, kuma bai sa ni gumi ba duk da cikar gidan. Bayan sawa uku ya fara laushi.

Inda nake da ƙorafi shi ne jan. An ce mini wankin sinadari kaɗai ake masa, na yi kunnen ƙashi, na gwada da guntun rigar a ruwan sanyi da ɗan sabulun gashi. Nan take ruwan ya koma kamar zoɓo, ratsin ruwan ƙwan ya dafe. Laifina ne, na yarda, amma a wannan kuɗi na so a ce an ɗauraye zaren sosai bayan rini. Allah ya so ban tsoma sarin gaba ɗaya ba.

Mai son saye ta nemi tambarin Silk Mark, shaidar da ake sa wa silikin gaske a Indiya, ta kuma juya bayan ƙyallen kafin ta miƙa kuɗi. Ni na ƙara da zare sili ɗaya daga geza na kusanta shi da ashana: ya yi ƙaurin gashi, tokar ta murmushe a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule.

Yanzu yana cikin akwati naɗe da farin ƙyallen auduga, kuma duk wata biyu nakan sauya masa ninki don kada ya tsage a kan layi. Guntun da ya zuba kuwa tela ya mayar mini da shi ɗankwali.